Hausar Zango ba ciwo ba ce, Yaya, ƙaramin ne abin dubawa

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ya mutanen Kano? Tambayarki a kan maganar jikokinki da ke nan Zangon Kumasi, unguwar baƙi Musulmi a Ghana, ta iso, kuma da yake wasu daga gida sun sha yi mini irinta, na ga gara in amsa a fili.

Kin ce babbar, mai shekara 5, in ta karɓi waya sai ki ji ta ce "Umma ya tafi kasuwa", ta ce "cau" inda ku kuke cewa "kyau", ga ƙ da ɗ ba sa fita a bakinta, har kina tsoron ko nauyin harshe ne. Ki kwantar da hankalinki, lafiyarta lau. Da za ki zo Kumasi ki tsaya da sassafe wajen mai koko da ƙosai a Aboabo ko Asawase, za ki ji dattijuwa mai jikoki tana cewa "yarinyan ya zo", limamin unguwa ma haka, ba wanda zai waiga. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Abin yana da asali. Kakanninmu fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salga, kasuwar goro a arewacin Ghana ta yau. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salga a 1892, da yawa suka gangaro Kete-Krachi da Kumasi da Accra. Kuma zango ba na Hausawa kaɗai ba ne: akwai Dagomba, Mosi, Zabarmawa, Wangara, Kotokoli, Fulani, duk Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci da auratayya. Twi, yaren Asante da muke zaune cikinsu, ba ya raba "ya" da "ta", yaren Dagomba ma haka. A hankali Hausar nan ta yar da wannan rabon, ta sassauta haruffan da baƙo ke shan wuya da su. Yarinyar ta kwashi abin da ta ji daidai ba kuskure, wannan kuwa shaidar kunne mai kyau ne da ƙwaƙwalwa mai kyau. In kina son ta iya Kananci, ki riƙa yi mata tatsuniya a waya, za ta ɗauka. Amma don Allah kada ki riƙa tare ta a tsakiyar zance kina gyara, sai ta daina sakewa da ke.

Cakuɗa harsuna ma kada ya tsorata ki. Yaron Zango yana jin Hausa a gida, Twi a layi, Larabci a makarantar allo, Turanci a boko. Hausa ba ta cikin harsunan gida 11 da gwamnatin Ghana ke koyarwa da su, don haka yaro ɗan shekara 4 kan shiga aji ya yi makonni yana kallo kawai, malama ta ɗauka daƙiƙi ne, alhali in an tashi ya dawo gida bakinsa ba ya rufuwa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin yara masu kaifin basira sukan tashi da wannan tambarin.

Wanda ya hana ni sukuni shi ne ƙanin yarinyar, da kika ambata a ƙarshen saƙo kamar ba komai ba. Ya kusa shekara 3, kalmarsa ba ta wuce "Umma" da "ruwa" ba, kuma an ce miki harsuna ne suka yi masa yawa. Wannan uzurin shi ne babban laifinmu a Zango, muna fakewa da shi har lokaci ya ƙure. Jin harshe biyu ko uku ba ya hana yaro magana. Yaro kan fara gwalan-gwalan tun yana wata 6 zuwa 9, ya furta kalmar farko wajen shekara 1, a shekara 2 yana da kalmomi kamar 50 yana haɗa biyu-biyu, "ba ni", "Baba tafi". Ana haɗa lissafin ne duka, na Hausa da na Twi da na Turanci. In an haɗa ɗin kuma ba su kai ko'ina ba, to ba maganar yare ake ba.

Daga nan sai a raba jinkiri da lalura. Mai jinkiri hanyar da yara ke bi yake bi, a makare kawai. In kin ce ya ɗauko takalmin Babansa zai ɗauko, yana nuna abu da yatsa, yana kallon idonki, yana wasan girki da sauran yara. Da yawa daga irinsu sukan kamo tsaransu. Mai lalura kuwa abin yana bin sa har makaranta, kuma a kowane harshe yake bayyana: umarni mai gaɓa biyu ya rikita shi, kalmar da ya sani ta ɓace masa, labarinsa ba kai ba gindi ko a kunnen 'yan layinsu. Ma'aunin ke nan, a gwada shi da yaran unguwarsu, ba da yaran Fagge ba. Binciken da aka yi a Amurka da Ingila ya nuna wajen yara 7 cikin 100 ne ke da irin wannan. In'ina daban ce, takan fara tsakanin shekara 2 da 5, akasari ta wuce. Wanda kuma ya fara magana sannan kalmomin suka zube, ko a kira sunansa bai juyo ba, wannan ba a jira da shi ko kaɗan.

Na san za a ce a kai wa wanzami ya duba linzami, wato zaren nan na ƙarƙashin harshe. Linzami yakan hana jariri kama nono sosai, amma yanke shi ba ya sa wa yaro kalmomin da ba shi da su. Addu'a kuwa muna yi, ba ta hana zuwa asibiti.

Kunne ake fara dubawa. Ruwan kunne mai yawan dawowa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, shawara mai tsanani a kwanakin haihuwa, duk suna iya rage ji, kuma yaron da yake jin ƙarar babur ba lallai ne yana tantance magana ba. Ki ce wa ɗanki su faɗa wa nas a wajen awo, su nemi takardar zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, a auna jinsa. Masu gyaran magana ba su da yawa a ƙasar, sai a 2016 Jami'ar Ghana ta fara horar da su, saboda haka layi yana iya yin tsawo, gara a shiga da wuri. Kayan gwajin galibi na Turanci ne, don haka uwar ta je da kanta, ta rubuto duk kalmar da yaron ke faɗa a kowane yare, ta kuma bayyana musu cewa Hausar Zango ake yi a gidan. Kafin ranar ta zo, a rage ba shi waya, a zauna da shi ana ambata masa sunan abin da ke hannunsa, a ɗan dakata a ba shi damar amsawa.