Hukuncin Tura Waƙar Gangsta Rap Da Ta Yi Tashe

Tambaya: Malam, ina da shagon tura waƙoƙi a waya. Samari sun fi tambayar waƙoƙin gangsta rap na Amurka, wato masu kirarin rayuwar 'yan daba, har da tsoffi irin Hypnotize. Abokin sana'ata ya ce waƙar da ta zo ta ɗaya a jadawalin Billboard duniya ta karɓe ta, kuma masu saye ba jin Turancin suke yi ba. Kuɗin ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya.

Jadawalin Billboard, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe da wata mujallar Amurka ke fitarwa, ƙidaya yake yi: nawa aka saya, sau nawa gidajen rediyo suka sa, yanzu kuma har da masu sauraro a intanet. Bai taɓa auna halal da haram ba. Allah Maɗaukaki ya ce mummuna da kyakkyawa ba sa daidaita, ko da yawan mummunan ya ƙayatar da kai (Ma'ida: 100).

Dubi waƙar da ka ambata. Mai ita, Notorious B.I.G., an harbe shi a cikin mota a Los Angeles ranar 9 ga Maris, 1997, yana ɗan shekara 24, wata shida bayan kashe abokin hamayyarsa Tupac Shakur a Las Vegas. Sai bayan rasuwarsa waƙar ta hau saman jadawalin, ta yi mako uku a can. Kamfani ya kwashi kuɗi, uwa ta rasa ɗanta. Wannan abin yana min ciwo ƙwarai, domin rayuwar da ake yi wa kirari a baitocin ita ce take cinye matasan.

Malamai sun yi saɓani kan kayan kiɗa: mafi yawa sun hana, Ibnu Hazm da wasu sun sassauta. Amma mas'alarka ba ta tsaya a nan ba, domin ko masu sassaucin sun sharɗanta tsabtar lafazi. Bukhari ya kawo a Al-Adabul Mufrad cewa waƙa magana ce, mai kyanta mai kyau ce, mummunarta mummuna. Kirarin bindiga, tallar ƙwaya, ashar da tozarta mata haramun ne, da kiɗa ko babu.

Adalci ya sa mu faɗa cewa wannan salo ya taso daga unguwannin baƙaƙen fata irin Compton da ke kusa da Los Angeles, inda talauci da cin zalin 'yan sanda suka yi katutu, kuma Allah ya yarje wa wanda aka zalunta ya bayyana kukansa (Nisa'i: 148). To amma kuka da zalunci daban, yi wa kisa ado daban.

Rashin jin Turanci kuwa ba mafaka ba ne. Yaro yana kallon bidiyon, yana ganin yadda ake riƙe bindiga a karkace, yana haddace ashar kafin ya san ma'anarta. Mu da muke fama da daba da sara-suka ba mu da buƙatar ƙarin malamai a kai.

Saboda haka, tura duk waƙar da ke ɗauke da waɗannan abubuwa bai halatta ba, kuɗinta ma haka, domin taimakekeniya ce a kan saɓo (Ma'ida: 2). Yawancinsu suna ɗauke da tambarin Parental Advisory, wanda kamfanonin da kansu suke mannawa don gargaɗin iyaye. Wannan zai sauƙaƙa maka tantancewa. Ka goge su daga kwamfutarka, ka yi istigfari kan abin da ya wuce cikin rashin sani, ka ci gaba da sauran sana'arka. Idan abokin naka ya ƙi, ku raba ciniki. Allah ne mafi sani.