Kafin ka ɗora wa motar rimot inji marar burushi

Ɗana, tambayarka ta iso. Ka ce ka ga Tamiya TT-02 ta hannu ana sayarwa, kana so ka cire injinta mai burushi ka ɗora mata marar burushi mai 5200KV da batir 3S, ko kuma ka sayi wata mai araha ta shagon kayan wasan yara ka yi mata wannan aikin. Kana so in faɗa maka wadda za ta fi gudu.

Ta shagon yara ka cire ta daga lissafi. Na'urar karɓar saƙon rimot da mai raba wuta duk a kan allo ɗaya suke, giyoyinta roba ce mai laushi, kuma ranar da haƙori ɗaya ya karye ba ka da inda za ka samo wani. Motar da ta cancanci wannan aiki ita ce wadda kowane ɓangare nata yake fita shi kaɗai, kuma yana da lambar da za ka nema da ita. TT-02 tana cikin irinsu. Amma ka sani motar kwalta ce, cikinta dab da ƙasa yake. In filin ƙwallo ko layin unguwa mai tsakuwa za ka riƙa kai ta, ka nemi Traxxas Slash ko Arrma Senton. Dukansu akwai waɗanda suka fito daga kamfani da inji marar burushi, Slash VXL da 3500KV, Senton 3S da 3200KV, an kuma gina giyoyinsu don ɗaukar wannan ƙarfin. Ka lura da lambobin nan biyu, babu wadda ta kusanci abin da kake son sawa.

KV na nufin yawan juyin da injin zai yi a minti ɗaya a kan kowane bolt, in ba ya ɗauke da kaya. Batir 3S, wato mai ɗakuna uku na wuta a jere, bolt 11.1 ne. Ka ninka da 5200, za ka samu juyi sama da 57,000. Haƙoran roba da farfelar roba ta TT-02, wato sandar tsakiya da ke kai juyi ga tayoyi, ba za su jure wannan ba, ko sun jure ma injin zai gasa kansa. Abin da zan sa a wannan mota shi ne inji girman 3650, wato kaurinsa milimita 36 tsawonsa 50, mai KV kusan 3300, da batir 2S, mai ɗakuna biyu, bolt 7.4. Wannan zai ba ka juyi kusan 24,000, kuma wallahi ranar farko sai ka ga motar ta fi ƙarfin hannunka.

Inji marar burushi ba ya tafiya sai da ESC ɗinsa, wato na'urar da ke raba masa wuta daga batir, domin shi ne ke juya wuta tsakanin wayoyin injin guda uku, aikin da burushi yake yi a tsohon injin. Ka tabbatar wanda za ka saya na marar burushi ne. Mai 60A irin Hobbywing QuicRun ya ishi wannan haɗin. Akwai inji mai firikwensin, wanda za ka gane da ƙaramar waya mai sili shida, da marar shi. Marar firikwensin yakan ɗan yi kakkarwa wajen tashi kafin ESC ya gane inda maganaɗisu yake, amma ya fi araha kuma ya fi haƙuri da ƙura da ruwa. Shi nake so ka fara da shi. In ya juya baya, ka musanya biyu daga cikin wayoyin uku. Mai firikwensin kuwa ba a yi masa haka, wayar A ta injin da A ta ESC, B da B, C da C, in ba haka ba ka ƙona ESC. Farin fulogin batir na Tamiya ka yanke shi, narkewa yake yi. Ka liƙa fulogin XT60 a madadinsa da dalma mai kyau, irin liƙin da na koya maka, mai sheƙi ba mai dusu-dusu ba.

Kafin injin ya shiga, buɗe motar. TT-02 ta asali da bushin roba take zuwa, duk ka fitar da su ka sa boris. Farfelar tsakiya ka sauya da ta alminiyum. Ƙaramar giyar da ke kan injin ka sa ta ƙarfe, amma ka kula: haƙoran wannan mota ma'aunin 0.6 ne, akwai kuma na 48P da ke kama da su ƙwarai a ido. In ka haɗa su za su shiga, za su juya, sannan su cinye babbar giyar cikin ɗan lokaci. Notin da ke riƙe ƙaramar giyar ya zauna a kan shafaffen gefen sandar injin, da ɗigon maganin riƙe noti.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Babbar giyar TT-02 haƙori 70 ce, ƙarama 22, cikin motar kuma yana ƙara ninki 2.6. Raba 70 da 22 ka ninka da 2.6, ka samu 8.27, wato injin zai juya sau 8.27 kafin taya ta juya sau ɗaya. In ka ƙara wa ƙaramar giya haƙori, lambar ta sauka, gudu ya ƙaru, injin ya ɗauki nauyi, zafi ya hau. In ka rage, gudu ya ɗan ragu, injin ya samu sauƙi. Kamar mai keke ne da ya sa babbar giya a kan tudu, yana tafiya amma cinyarsa ce ke biya. Zafi shi ne alƙali a nan, ba kunnenka ba, ba idonka ba. Maganaɗisun da ke cikin injin in ya sha zafi fiye da kima ƙarfinsa yana tafiya, kuma ba ya dawowa bayan ya huce. Sai ka ga inji yana juyawa lafiya amma ba shi da jan da yake da shi a da, yana kuma ƙara zafi fiye da jiya.

Don haka ka fara da haƙori 19, wanda zai ba ka kusan 9.6. Mazaunin injin TT-02 yana da ramuka masu lamba daidai da kowace giya, ka sa a ramin 19. A motocin da ake matsar da injin da hannu, siririyar takarda ake sawa tsakanin giyoyin biyu, a matse, a ɗaure, a zare ta. Ka yi gudu na minti biyar irin wanda za ka riƙa yi da gaske, ka tsaya ka auna jikin injin da bindigar auna zafi ta masu aikin lantarki, domin ta asibiti ba ta wuce zafin jikin mutum. Ƙasa da digiri 70 a ma'aunin Selshiyas ka ƙara haƙori ɗaya ka sake gwadawa. In ya doshi 80, tsaya, ka rage. In babu bindigar, ɗora yatsa, in ba ka iya ƙirga uku ba ya yi yawa. Kuma kada ka kwafi giyar da ka gani wurin mutanen Turai ko Japan. Su galibi iskarsu ta fi tamu sanyi, mu a watan Afrilu inuwa ma tana kaiwa 40, kwalta ta fi haka. Giyar da ta zauna daidai a lokacin hunturu sai ka sake auna ta da bazara. Ƙaramar fanka a kan injin tana taimakawa, amma ba ta gyara giyar da ta yi girma.

A ESC abu uku za ka taɓa. Ka koya masa totur ɗin rimot ɗinka tukuna, tsakiya, gaba gaba ɗaya, birki gaba ɗaya. Ka rage ƙarfin fizgar tashi zuwa mataki na ɗaya ko na biyu, domin fizgar farko ta fi gudu karya haƙora. Sannan ka kunna yankewar wuta ta LiPo, wato irin batirin da za ka sa, a kusan bolt 3.3 kowane ɗaki. Batirin nan ba ya yafe a shanye shi. Ka caje shi da caja mai daidaita ɗakuna, 4.2 kowane ɗaki, a kan siminti kana wurin, ba a kan katifa ba, ba cikin mota a rana ba. In zai kwana biyu ba a yi amfani da shi ba, ka bar shi a 3.8. Wanda ya kumbura kada ka sake caja shi, kawo shi shago mu sauke masa wuta kafin a jefar.