Amsa ga ƙanwarmu da aka yi wa caa kan maganar 'yan fim

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki. Kin ce kin rubuta a shafinki cewa hukuncin da ake yanke wa 'yan fim mata ya fi na maza tsauri, sai aka yi miki caa, wasu na ce miki 'yar boko aƙida, wasu na cewa Turawa ne suka ɗauke ki haya. Yanzu kina tambaya ko maganar 'yancin mata baƙuwa ce a wurinmu, ko gara ki ja bakinki ki yi shiru.

Ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya ce miki daga Amurka aka kawo ta, ki tambaye shi ko ya san Hajiya Gambo Sawaba. 'Yar Zariya ce, ko firamare ba ta ƙarasa ba, ta shiga jam'iyyar NEPU tana 'yar shekara 17, aka yi ta kai ta gidan yari saboda ta tsaya a bainar jama'a ta ce auren wuri da hana mata ƙuri'a zalunci ne. Matan kudu sun yi zaɓen 1959, mu matan Arewa babban zaɓen ƙasa na farko da muka shiga shi ne na 1979. Wannan layin da iyayenmu ke bi ranar zaɓe, wasu ne suka sha duka da ɗauri kafin a buɗe shi, kuma da Hausa suka yi faɗan, a Kano da Zariya.

Kan 'yan fim kuwa, akwai gaskiya a maganarki. A 2007 da bidiyon wata jaruma ya fita, ita aka dakatar, aka rufe ɗaukar fim na watanni a Kano, sunanta ya zama abin zagi a bakin yara, namijin da ke ciki kuwa da ƙyar za ki samu wanda ke tuna sunansa. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda bidiyon waƙa da ta fito tare da mawaƙi ClassiQ. Za a ce miki ai shi ba ɗan ƙungiyar ba ne, ba su da hurumi a kansa. Haka ne. To amma jama'ar gari da suka yi ta tsinuwa, su ma ɗin katin ƙungiya suka duba? Laifin da mutum biyu suka yi, addini bai ce a ɗora wa ɗaya ba.

Sai dai a nan zan rabu da ke kaɗan. Na yi shekaru ina shugabar mata ta mazaɓarmu, kuma abin da na gani shi ne rigimar taurari tana cinye mana ƙarfi a banza. Jaruma tana da lauya, tana da mota, in Kano ta yi mata zafi ta koma Legas ko Abuja ta ci gaba da sana'arta. Matar da na raka kotu bara ba ta da ko ɗaya. An sake ta da 'ya'ya huɗu, alƙali ya yanke wa uban kuɗin ciyarwa duk wata, ya biya sau ɗaya ya kashe waya. Tana zaune a bencin ƙofar kotu da goyo, takardar hukuncin a naɗe cikin leda a ƙasan hijabi, tana lissafin kuɗin adaidaita na komawa gida. Wannan haƙƙi ne da shari'ar Musulunci da kanta ta ba ta, babu malamin da zai yi miki musu a kai, amma ba wanda zai yi mata zazzafar muhawara a TikTok.

Siyasar ma haka take. Mu ne masu cika layi, mu ake raba wa atamfa da taliya da sabulu, mu ne masu guɗa in ɗan takara ya iso. Amma taron da ake tsayar da ɗan takarar, a falon wani jigo ake yin sa bayan sallar isha'i, har ƙarfe biyun dare. Wace matar aure ce za ta zauna? In ta zauna ma, kin san sunan da za a raɗa mata da safe. Jam'iyyu suna rage wa mata kuɗin fom, suna ta tallar hakan, alhali ba fom ne ke cin kuɗi ba, daliget ne. Shi ya sa Majalisar Dattawa mai kujera 109 ta tashi da mata huɗu bayan zaɓen 2023, ta Wakilai mai 360 ba su kai ashirin ba. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar na mata, har da na ware musu kujeru na musamman. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. A zaurukan da nake ciki, waɗanda suka san an yi hakan ba su kai rabin waɗanda suka san kalar rigar da wata jaruma ta saka a biki ba.

Don haka kada ki yi shiru, amma ki zaɓi inda za ki tsaya. In kin kare jaruma, ki kare ta kan a yi adalci a hukunci, ba sai kin ce duk abin da ta yi daidai ne ba, don da yawa a cikinsu rigimar ce ke ƙara musu mabiya da kuɗin talla, ke kuma ki tashi da zagi. Ki kuma rage aro kalmomin da kike gani a shafukan waje, nan take ake rufe kunne. Ni in zan yi magana a gaban maza, da ciyarwa da gado da sadaki nake farawa, da karatun 'ya mace, in kawo Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo da 'yan tarunta da suka bi ƙauyuka suna karantar da mata. Har yau ban ga wanda ya iya ce wa wannan boko aƙida ba.

Masu zagin iyaye kuwa, ki toshe su kawai. In kina Kano ki yi min magana ta akwatin saƙo, akwai matan da muke raka wa kotu, kuma muna neman mai iya rubuta musu takardar ƙorafi.