Hukuncin Ara wa Wani Mabuɗin Manhajar Tantance NIN

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani kamfani da ke tantance kwastomomi. Manhajarmu tana da mabuɗin sirri nata na kanta, da shi take duba NIN ko BVN ba tare da sa hannun mutum ba. Wani abokina mai manhajar ba da bashi ya roƙe ni in ara masa mabuɗin na wata ɗaya. Ya ce ai na'ura ce za ta yi magana da na'ura, babu idon da zai gani. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bai halatta ba, ɗana, ko na dare ɗaya.

Lambobi 11 na NIN suna jawo sunan mutum da hotonsa da ranar haihuwarsa. Tsohuwar da ta yi layi cikin rana ta ɗora yatsunta a na'ura, ga hukuma ta miƙa bayananta, ba ga abokinka ba. Mabuɗin amana ne a hannunka, kuma Allah a Suratun Nisa'i, aya ta 58, ya umarta a mayar da amanoni ga masu su. Ba a ara abin da ba a mallaka ba.

Zancen "na'ura ce" kuwa, a nan shubuhar take. Na'ura ba mukallafa ba ce, wato shari'a ba ta ɗora mata nauyi ba, don haka alhaki yana komawa kan wanda ya sake ta. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga wani lambu ta yi ɓarna, sai Annabi (SAW) ya hukunta cewa abin da dabbobi suka ɓata da dare, masu su ne za su biya. Ba a tuhumi taguwa ba. Manhaja ma ta fi ta haɗari, domin ba ta barci, tana iya kwashe bayanan dubban mutane kafin kiran assalatu. Idan aka ci bashi da sunan wanda bai ji ba bai gani ba, kana da kamasho.

Mai riƙon amana ba ya biya sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Barin mabuɗi a saƙon WhatsApp sakaci ne, haka ƙin soke shi bayan ma'aikaci ya bar aiki.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC) cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta cutar da masu su, kuma bin ta wajibi ne tunda maslaha ce. In ka riga ka ba shi, ka sanar da shugabanninka yau a sauya mabuɗin, ka tuba. Abokinka ya je ya nemi nasa izinin. Wallahu a'alam.