Amsa: Da gaske mata na buga gasar ƙwallo a Saudiyya?

Malam, da gaske ne, wanda ya faɗa maka a gidan kallon ƙwallo bai yi ƙarya ba. An fara babbar gasarsu ta ƙasa a watan Oktoban 2022 da ƙungiyoyi 8, kuma Al-Nassr ce ta ɗauki kofin kakar farko. Eh, ƙungiyar Ronaldo, amma ɓangaren mata. Sai fa a 2018 aka fara barin mata shiga filin wasa can, ko kallo ma.

A 2023 Ashleigh Plumptre ta Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon mata ta Najeriya, ta koma Al-Ittihad ta Jidda.

Ni a ganina kuɗi ne ya yi musu aiki, domin gasarmu ta Najeriya ta girme ta nesa ba kusa ba. Amma yaushe rabonka da ganin wasan mata a filin Pantami nan Gombe?