Na yi istihara, na biya ejan, na rantse zan tafi: shin fasa tafiyar laifi ne?

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 25, aikin wayarin na lantarki na koya, amma sai a daɗe ba a kira ni aiki ba. Wani ejan ya ce zai fitar min da bizar Umara, in na gama ibada in zauna can in nemi aiki kamar yadda wasu 'yan unguwarmu suka yi. Na yi istihara, hankalina ya kwanta, na ba shi rabin kuɗin. Inna ce ta sayar da saniyarta, ragowar kuma kawuna ya ranta min. A majalisa har na rantse da Allah cewa babbar sallar bana ba za ta same ni a ƙasar nan ba. Yanzu labarin kamen da ake yi a can ya sa jikina ya yi sanyi. Wani abokina ya ce mu bi ta Agadez mu shiga Libiya, ya fi arha, Inna ta ce ba da yawunta ba. Baffana da ke Kumasi kuma ya ce in je wurinsa akwai aikin gine-gine, amma sai bayan sallah. Abokai suna cewa ba ni da tawakkali, wai wanda ya yi istihara ba ya ja da baya. Malam, ina da laifi in na fasa? Yaya zan yi da rantsuwar da kuɗin da na bayar?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, ba ka da laifin komai in ka fasa wannan tafiya. Fasawar ma ita ce daidai, domin tafiyar da aka tsara maka tun farko akwai ɓaraka a cikinta.

Fita neman halal a wata ƙasa abu ne da shari'a ta halatta, ta kuma yaba. Allah ya ce a suratul Mulk mu yi tafiya a sassan ƙasa mu ci daga arzikinsa, a ƙarshen suratul Muzzammil kuma ya ambaci masu tafiya neman falalarsa a jere da masu yaƙi don ɗaukaka addininsa. Kakanninmu ma ba mazauna wuri ɗaya ba ne, fatauci ya kai su Gwanja sayen goro, zangunan Hausawa na Kumasi da Accra kuma daga nan suka samo asali. Saboda haka babu mai zarginka don ka so fita. Abin dubawa shi ne hanyar da za a bi da sharaɗin da aka shiga.

Maganar abokanka cewa mai istihara ba ya ja da baya ba ta da tushe. Ka koma ka karanta addu'ar da kanka, kamar yadda Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito ta a Bukhari. Rabinta na biyu roƙo ne cewa in Allah ya san al'amarin sharri ne gare ka a addininka da rayuwarka da ƙarshen lamarinka, ya kawar da shi daga gare ka, ya kawar da kai daga gare shi, ya ƙaddara maka alheri a duk inda yake, sannan ya sa ka yarda da shi. To da me ake kawar da mutum daga abu? Da irin abin da ya same ka: labari ya zo masa wanda da bai sani ba, zuciyarsa ta karaya, wata ƙofa ta buɗe. Kai ka roƙi a juyar da kai, an juyar da kai, sai kuma ka ce ka saɓa? Kwanciyar hankalin da ka ji a daren farko ba wahayi ba ne. Sau da yawa abin da mutum ya riga ya ƙwallafa wa rai shi yake ji ya kwanta masa. Istihara ba ta ɗaure mutum, kuma ba ta halatta abin da shari'a ta hana, domin a kan abin da ya halatta ake yin ta.

Tawakkalin da ake yi maka gori da shi, wanda ya fi kowa tawakkali ya taɓa juyawa daga tafiya. A shekara ta 6 bayan Hijira Annabi (SAW) ya fita Umara da sahabbai kusan 1,400, sun yi harama, sun koro dabbobin hadaya, aka tare su a Hudaibiyya, suka koma Madina ba su ga Ka'aba ba sai shekara mai zuwa. Abin ya yi wa Sayyidina Umar zafi har ya ce ba an faɗa mana za mu je Ɗakin mu yi ɗawafi ba? Aka amsa masa: an ce maka bana ne? Shi Umar ɗin kuma, a zamanin halifancinsa, ya nufi Sham, da ya isa Sarg aka gaya masa annoba ta ɓarke. Ya yi shawara, ya yanke komawa. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ƙissar tana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Wa zai ce Umar ba shi da tawakkali?

Niyyar Umarar ma ba ta hau kanka ba. Umarnin cika Hajji da Umara da ke suratul Baƙara yana kan wanda ya riga ya shiga harama. Kai ko filin jirgi ba ka je ba, kuma ba ka ce ka yi bakance ba.

Bizar Umara alkawari ce. An ba ka izinin shiga don ibada, zuwa wa'adi sananne, bisa sharaɗin ba za ka yi aiki ba kuma za ka fita. Wanda ya karɓe ta alhali ya ƙudurce zai ɓuya ya zauna, ya fara tafiyarsa da yaudara, ya kuma ƙare ta da saɓa alkawari, Allah kuwa ya buɗe suratul Ma'ida da cewa masu imani su cika alkawura. Wani zai ce ai Allah ya halatta neman falala a lokacin Hajji. Gaskiya ne, Ibn Abbas ya ce ayar ta sauka ne da mutane suka ji nauyin ciniki a kasuwannin Ukaz da Majanna da Zul Majaz. Amma halatta ciniki ga alhaji daban, warware sharaɗin da mutum ya ɗauka da kansa daban. Wani kuma zai kawo misalin magabata da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, suna noma suna ƙwadago shekara da shekaru kafin su isa Makka, wasu su zauna can. Su babu wanda suka yi wa alkawarin fita ranar kaza.

Ba ina cewa ladan aikin da mutum ya yi da guminsa a can haramun ne ba. Wanda ya ja waya ya haɗa fitila aka biya shi, haƙƙinsa ya karɓa, laifin saɓa sharaɗi kuma yana nan a wuyansa daban. Kuma ba na yarda a riƙa aibata 'yan'uwanmu da ake kira takari, domin a cikinsu akwai waɗanda aka haifa a can, da waɗanda aka yaudara aka kai. Amma kai da kake tambaya kafin ka tashi, amsarka ita ce bai halatta ba. Ka kuma san abin da za ka tarar. Wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, in mai aiki ya hana shi kuɗinsa ba shi da inda zai kai ƙara, in ciwo ya kama shi yana tsoron asibiti, ko Harami zai je yana waige-waige. A 2025 hukumomin Saudiyya sun sanar cewa wanda ya wuce wa'adin bizarsa zai iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000 da ɗauri har wata shida, sannan a tiso ƙeyarsa gida. Tirmizi ya ruwaito daga Huzaifa cewa Annabi (SAW) ya ce bai kamaci mumini ya wulaƙanta kansa ba, aka ce ta yaya, ya ce ya kai kansa ga bala'in da ba zai iya ɗauka ba.

Hanyar Libiya ta fi wannan muni. A can mutunci ne ke cikin haɗari, a nan rai ne. Daga Agadez zuwa Dirku zuwa Sabha tafiyar kwanaki ce a bayan akori-kura cikin Sahara, in mota ta lalace ko direba ya ɓata hanya, ƙishirwa ce ke yanke hukunci. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar da ke arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, masu neman shiga Aljeriya. A ƙarshen 2017 duniya ta ga hoton bidiyon da ake gwanjon baƙin haure a Libiya. Nijar ta soke dokarta ta 2015 da ta hana safarar baƙin haure a watan Nuwamba na 2023, motoci sun koma ɗaukar mutane a fili, amma soke doka bai rage zafin rana ba, bai kuma rufe gidajen da ake tsare mutane ana azabtar da su ana kiran iyayensu a waya su aiko da kuɗin fansa ba. Allah ya ce kada ku jefa kanku ga halaka.

Ko da a ce haɗarin bai kai haka ba, maganar mahaifiyarka kaɗai ta isa ta tsayar da kai. Wani mutum ya nemi izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya ce e, ya ce to a cikin hidimarsu za ka yi jihadinka. Malamanmu na Malikiyya, a sharhin Muhtasar na Halil, sun bayyana cewa iyaye suna da ikon hana ɗansu tafiyar fatauci in ta teku ce ko ta hanya mai haɗari. Wannan baiwar Allah ba mai son riƙe ka a ɗaki ba ce, ita ta sayar da saniyarta don ka tafi. In irin wannan uwa ta ce ba da yawunta ba, ba a kewaye ta.

Rantsuwarka mai sauƙi ce. Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman ɗan Samura in ya rantse a kan abu sannan ya ga waninsa ya fi alheri, ya yi wanda ya fi alheri ya yi kaffarar rantsuwarsa. In sallah ta same ka a gida ka faɗa cikin rantsuwar, sai ka ciyar da miskinai goma, kowanne mudun Annabi ɗaya na abincin da kuke ci, wato cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, in ka ƙara kaɗan ya fi, ko kuma ka tufatar da su. Mutane da yawa suna tsallakewa kai tsaye zuwa azumin kwana uku, alhali ayar kaffara da ke suratul Ma'ida ta ajiye azumi ga wanda bai samu ikon ciyarwa ba. Mudu goma irin wannan ba wani abu mai yawa ba ne, in kana da shi ka bayar, in babu ka yi azumin. Mai Risala, wato littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, ya ce ana iya yin kaffara kafin a karya rantsuwa ko bayan an karya, amma bayan ya fi soyuwa a mazhaba. Kada ka yarda rantsuwar majalisa ta tura ka cikin motar Agadez don kawai sallah ta same ka a waje.

Game da kuɗin, yarjejeniyar da aka ƙulla a kan fitar da biza don a ɓuya da ita ɓatacciya ce, ba ta wajabta maka cika ragowar ba. Abin da ejan ya kashe da gaske kuma ba ya dawowa, kamar kuɗin fasfo, a cire shi in ya kawo shaida, fasfon kuwa naka ne ya ba ka abinka. Saura ya dawo maka da shi. In ya ce kafin alƙalami ba ya dawowa, to Imam Malik da mafi yawan malamai ba su halatta a cinye irin wannan kuɗi ba. Imam Ahmad ya halatta, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta bi ra'ayinsa a 1993, amma a ciniki ingantacce wanda aka faɗi sharaɗin tun farko aka kuma sa wa'adi. Ka je da wani dattijo, a zauna, a rubuta abin da aka daidaita. In an yi sulhu ka bar masa wani abu don ka karɓi mafi yawa, ya halatta, ya fi a tashi ba tsuntsu ba tarko. In ya riƙe fasfonka ko ya yi maka barazana, ka kai shi gaban hukuma. Abin da ya dawo kuma ka fara da kawunka, domin mai bin bashi yana da ikon hana wanda yake bi tafiya in wa'adin biya zai yi ba ya nan. Ka gaya wa Inna komai, kada ta ji a bakin wani.

Kumasi ita ce ta fi kusa da daidai a cikin ukun, in Inna ta amince: akwai ɗan'uwa, akwai sana'ar da ka iya, hanya kuma sananniya. Amma can ma kada ka tafi a kan "zo kawai". Da Annabi Musa (AS) zai yi ƙwadago a Madyana sai da aka faɗi aikin, aka faɗi ladan, aka faɗi wa'adi, shekara takwas ko goma. Ka tambayi baffanka wa zai ɗauke ka, nawa ne, ina za ka kwana. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan Najeriya damar shiga Ghana ba biza har kwana 90, zama da aiki bayan nan suna buƙatar takarda, ka neme ta. Dattawan zango ba su manta korar baƙi ta 1969 ba, kuma ko a 'yan shekarun nan an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi a kan dokar ƙananan kasuwanci. In kuma har yanzu Saudiyya ce a ranka, ƙofarta ita ce bizar aiki ta hannun kamfanin da ke da lasisin ma'aikatar ƙwadago, da takardar yarjejeniya da ka karanta ka fahimta kafin ka sa hannu.

Na lura da wani abu a wasiƙarka. Abin da ya fi damunka, a ganina, kunya ce: ka yi sallama da mutane, ka yi rantsuwa a bainar jama'a, gobe za a gan ka a masallacin Idi. Wannan ba hujja ba ce a shari'a. 'Yan majalisar za su yi maka tsiya kwana biyu su manta, kuma babu ɗaya a cikinsu da zai biya kawunka in an maido ka hannu rabbana. Wanda ya tambaye ka, ka ce ka ɗage tafiyar, ka yi kaffara. Ka sake yin istihara a kan Kumasi, ka ci gaba da karɓar aikin da ya samu kafin lokacin.

Wallahu a'alam.