Ga 'yar'uwar da aka ce ta daina rawa a sujada

Salama 'yar'uwa. Kin ce an kira ki gefe bayan sujada an ce ki daina ɗaga hannu da taka rawa lokacin yabo, wai halin ikilisiyoyin masu fararen kaya ne, shi ne kike tambaya ko yana cikin Littafi Mai Tsarki. Yana ciki, ba wuri ɗaya ba ma. Da na karanta saƙonki sai da raina ya ɓaci, don ke a gefe aka kira ki, ni a gaban jama'a aka yi mini.

Ranar godiya ce. Ɗana na fari ya tashi daga ciwon da har mun fid da rai, keken ɗinkina ma ya tafi a kuɗin magani. Zumuntar Mata suka ɗauki waƙa, ana buga tulu da kacau-kacau, na fito da doyar da na sayo a kasuwar Mile 12 a kaina. Ban san sa'ad da na rangaɗa guɗa ba, na yi rawa har gaba, na durƙusa ina kuka. Sai na ji an ja mini zane ta baya. Matar wani dattijo ce, ta ce, "Maman yara, nan ba gidan biki ba ne." Ba a bar shi nan ba. Lokacin sanarwa mijinta ya ce wasu sun zo Legas sun kwaso al'adun da ba namu ba. Bai kira suna ba, amma kowa ya waiwayo. Matar nan ko sau ɗaya ba ta leƙo mu a asibiti ba. Kuma da idona na gan ta a bikin 'yarta tana rawa har ɗankwali ya faɗi ana mata liƙi. Na yafe mata, amma har yau in na tuna jan zanen nan sai in ji kunya ta dawo sabuwa.

Ki buɗe 2 Sama'ila sura 6. Dawuda, sarki guda, ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari. Matarsa Mikal 'yar Saul ta hango shi ta taga ta raina shi a zuciyarta. Ya ce mata a gaban Ubangiji ya yi, kuma zai ƙasƙantar da kansa fiye da haka. Surar ta ƙare da cewa Mikal ba ta haihu ba har ta mutu. Ba fata nake wa kowa ba, abin da ke rubuce na faɗa.

Maganar fararen kaya kuwa, ikilisiyarsu ta Kerubim da Serafim a 1925 ta fara a nan Legas. Dawuda ya riga haihuwar Yesu da kusan shekara 1000. Maryamu 'yar'uwar Haruna ta riga shi ma, a Fitowa 15:20 ita ta ja mata da kiɗa da rawa bayan an ƙetare teku. To wa ya kwaikwayi wa? Mu da a gida iyayenmu mata ke zagaya majami'a da rawa ranar Kirsimeti tun ba mu san hanyar Legas ba.

Tafi yana Zabura 47:1, rawa tana 149:3 da 150:4, durƙusawa 95:6, ɗaga hannu 134:2. In an ce miki duk Tsohon Alkawari ne, Bulus ya ce a yi addu'a ana ɗaga hannuwa masu tsarki a 1 Timoti 2:8. Gurgun da ya warke ta hannun Bitrus a Ayyukan Manzanni sura 3 da tsalle ya shiga Haikali, ba a rubuta cewa Bitrus ya ce masa ya natsu ba.

Za su kawo miki 1 Korantiyawa 14:40, cewa a yi kome bisa tsari. Gaskiya ce, amma a surar kan harsuna da annabci Bulus yake magana, kada kowa ya riƙa magana a lokaci guda. Don haka lokacin wa'azi ki zauna, lokacin yabo ki tashi. Kada kuma ki raina mai tsayawa shiru. Hannatu uwar Sama'ila da take addu'a leɓunanta kawai ke motsi, Eli firist ya ɗauka buguwa ta yi. Ni abin da ma ya fi damuna shi ne lasifikar da ake ƙurewa har jarirai na firgita, gwamnatin Legas ta sha rufe wuraren ibada saboda ƙara, wannan ba wanda ya kira kowa gefe a kai.

Kada ki bar ikilisiya da fushi, kada kuma ki yi gardama a bakin ƙofa. Ki nemi wata mama cikin shugabannin Zumuntar Mata ta raka ki wurin fasto, ku je da ayoyin nan a rubuce. Amma ba ki faɗa mana ba, wa ya kira ki, fasto ne da kansa ko wani ne cikin dattawa? In faston ne, kada ki je tukuna, ki fara yi mini magana.